Binne a Gonar Aro

Dangi suna cewa na cika riƙo, wai a kan 'yar gonar da ba ta taka kara ta karya ba na daina cin abincin gidan yayana. To na ji, ina da riƙo, kuma ban ce zan daina ba. Duk mai faɗar haka bai taɓa ɗaukar kwanon toka yana bin bayan tsohon da ba ya gani sosai ba, rani guda cur.

Ni ce mai dafa abinci a gidan gajiyayyun da ke bakin garinmu, a ƙasar Minjibir. Wani mai hali ɗan garin ne ya gina shi, ya damƙa shi a hannun wani malami mai sanyin hali, wanda ko kaza ba ya iya kora da ƙarfi. A wajenmu abin kunya ne a ce tsohonka yana can, saboda haka duk wanda ka gani a ciki, ko dai nasa sun ƙare, ko kuwa suna nan sun yi kamar sun ƙare. Na kama aikin ne bayan rasuwar mijina, lokacin da zaman ɗaki ya ishe ni.

Shi mai ginin, gata ya yi niyyar yi musu, Allah ya saka masa. Ya ja katanga doguwa, ya malale tsakar gida da siminti har bakin magudana, ko tsinken ciyawa ba ya samun wurin fitowa. Ga fanka, ga katifa, ga tuwo safe da yamma. Abin da ya manta shi ne, mutanen nan a gona suka tsufa. Ka ɗauko wanda tun yana yaro ƙafarsa take cikin kunyar gona, ka zaunar da shi a kan siminti yana kallon bango, ka ce masa ya huta. Damina takan zo ta wuce, su dai sai su ji ƙararta a kan kwano.

A cikinsu akwai wani tsoho dogo da muke kira Baba kawai, don ya girmi kowa. Yanar ido ta rufe masa gani, sai dai ya gane haske da inuwa. 'Ya'yansa duk sun riga shi, gonarsa kuma ta tafi a jinyar na ƙarshensu. Ranar da aka kawo shi, kayansa ba su wuce buta da bargo da wani ƙullin tsumma ba. A cikin ƙullin zangarniyoyin gero ne da aka bade da toka, irin da ya gada wajen mahaifinsa, ɗan gajere mai saurin nuna. Ya sa aka kafa masa ƙusa a saman gadonsa ya rataye su. Wasan jika da kaka muke yi da shi, yana ce mini amarya, ni kuma ina ce masa ban taɓa ganin angon da ba ya kawo cefane ba sai shi.

Da ya shekara a gidan sai wasan ya mutu. Sai in kai tuwo in dawo in tarar da shi yadda na ajiye, ƙuda na bi. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi masa kunun tsamiya da ƙosai, duk a banza. Ma'aikaciyar lafiyar da ke zagayo mu ta auna shi ta ce ba ta ga wani ciwo ba, zaman ne yake cinsa. Ta ce a riƙa fitar da su suna ganin kore, suna taɓa ƙasa, in da hali a ba su abin da za su shuka. Malam, bawan Allah, washegari ya shiga Kano ya dawo da furanni a tukwanen roba, ya jera a gindin katanga. Akwai wata tsohuwa mai baki a gidan, da can daddawa take yi, muna ce mata Iya. Ta zagaya tukwanen da sandarta, ta tsinki ganye ɗaya ta shinshina, ta ce, “Malam, wannan ana miya da shi?” Ya ce a'a, na ado ne. Ta ce, “To Allah ya ba mai ado lafiya.” Awaki ne suka ƙarasa da su.

Ni na tuna da gonar. Bayan katangar gidan, jingine da ita, akwai wani ɗan siririn fili na yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, rabonsa ne na gado. Ƙasar ta mutu murus. Gefe ɗaya fako ne, ɗaya gefen kuma ciyawar wuta-wuta ta cinye, har ya daina wahalar da kansa a kai. Na same shi da yamma a ƙofar gida yana gyaran mashin, na faɗa masa buƙatata. Dariya ya yi har da riƙe ciki.

“Wannan fakon? Ke dai ba kya rabo da ɗauko wa kanki aiki. Ku ɗauka mana, me zan yi da shi?”

Na ce, “Yaya, ka san fa taki za su zuba mata.”

Ya ce, “Su zuba. Su ci takinsu har su gaji, ni ba na waiwayar ta.”

Wanda ba ɗan ƙasarmu ba ba zai san nauyin wannan magana ba. Mu nan gona ba ta hutawa, gona na jikin gona, gida na jikin gida, taki ne kawai yake riƙe da ƙasar. Shi ya sa kowa ya san ƙa'idar aro: wanda ya ari gona ya zuba mata taki, ba a karɓe ta daga hannunsa sai ya ci takinsa, damina biyu ko uku, don takin gida ba a shekarar farko yake nuna kansa ba. Babu alƙalin da ya rubuta wannan. Kunya ce kawai take tsare shi.

Na dawo da murnata na tsuguna gaban Baba na ce ango ya tashi, na samo masa gona. Ya gyara zama. Sannan ya juyo da fuskarsa wajen muryata.

“Aro ne?”

“Aro ne, Baba. Amma ya ce ku ci takinku.”

“A gaban wa ya faɗa?”

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce, “Haba Baba! Yayana ne fa, nono ɗaya muka sha. Sai na kira masa mai unguwa?” Ya ce, “A'a, amarya, ba na ce ba. Tunda kin tsaya masa, shi ke nan.” A ranar ya cinye tuwonsa, har ya nemi ƙarin miya.

Malam ya kira magini aka fasa 'yar ƙofa a katangar baya. Ba zan manta da safiyar da aka fara buɗe ta ba. Tsofaffi suka yi ta fitowa ɗaya bayan ɗaya, masu sanda da masu dafa bango, har wanda sai an ɗauko shi a kujera. Baba ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa kamar zai shiga masallaci. Ya taka ƙasar, ya tsaya, ya murza ta da yatsun ƙafa, ya ce, “Kai, an zalunci ƙasar nan.” Amma fuskarsa a sake take.

Daminar farko ba a samu abin kirki ba, kuma dama ya faɗa. Rabin irinsa kawai ya shuka, ya ce ba zai zuba duka a bakin mayunwaciya ba. Masu ɗan ƙarfi suka yi noma daga zaune, suna jan jiki da fartanya. Iya ta kama gindin katanga ta zuba kuɓewa da yakuwa da kabewa, ta kuma kafa dokar duk wanda ya taɓa mata ba da izini ba zai ji a jikinsa. Wanda ba ya iya komai aka ba shi korar awaki, yana zaune a inuwar gawo da 'yan tsakuwoyi a gaba. Faɗa ya dawo gidan, wanda rabon da in ji shi har na manta: wane ya taka mini kunya, wance ta tsinke mini yakuwa. Ma'aikaciyar lafiya ta zo ta tarar ana cacar baki a kan kabewa guda, ta ce mini wannan faɗan ya fi duk ƙwayoyin da ke jakarta. Tukunyata kuwa ta daina kwana da saura.

Geron ya fito ƙanana, duk abin da aka girba bai cika dami biyu ba. Baba ya zauna a tabarma aka zube masa, yana shafa zangarniya ɗaya-ɗaya, yana ware masu cika. Waɗanda ya zaɓa ya haɗa da ragowar na da, ya bade da toka, ya mayar kan ƙusa. Ya ce, “Bana gaisawa muka yi da ita. Baɗi za mu yi magana.”

Daga nan aikin taki ya fara, kuma shi ne abin da in na tuna nake jin wuta a ƙirjina. Ba mu da jaki, ba mu da amalanke. Abin da muke da shi tokar murhuna ce, da kashin awakin da ake kawo wa gidan sadaka, da sharar tsakar gida, da ƙaiƙayi in na yi sussuka. Kullum da hantsi Iya za ta share turken awaki tana mita, a tara a kwanuka da tsofaffin bokitai. Sai a yi jerin gwano ta 'yar ƙofar nan. Baba ne a gaba da sandarsa, yana ƙirga taku a ransa, inda ya tsaya ya buga sanda nan za a juye. Ni ina bayansa da kwanon toka, ina ce masa ango ya ɗaga ƙafa, tuwo na jirana. Akwai tsohuwar da hannunta ke rawa, gwangwanin madara kawai take iya ɗauka, rabi ya zube a hanya, amma ba ta taɓa fashi ba. Iya har gidajen maƙwabta take aika ni roƙon kashin kaji, in na yi nawa ta ce kunyar me nake ji, ai ba aure ta aike ni nema ba. Haka muka yi tun daga kaka har zafin bazara, fili ya cika da tsibi-tsibi, sannan aka bi aka baje.

Yaya yakan wuce ta wurin a kan mashin. Da farko ɗaga hannu kawai yake yi. Daga baya ya fara tsayawa, ya sauko, ya durƙusa har ƙasa ya gaida Baba, wani lokaci da ɗan goro. Rannan na gan shi ya tsuguna a gefen da yake fako a da, ya damƙi ƙasa ya murza, ta yi baƙi ta yi laushi. Ya ce, “Baba, sannunku da aiki. Wallahi kun raya ta.” Ni kuwa sokuwa, daɗi ya kama ni, ina ta kallon Baba ina so ya ji irin ɗan'uwan da nake da shi.

Ana dab da faɗuwar damina aka ce likitocin ido sun zo wani asibiti a Kano, suna duba tsofaffi kyauta. Malam ya ce a kwashi kowa a kai, har da ni don in riƙe mata. Yaya da kansa ya tambaye ni ranar tafiya, ya ce yana da abokin da ke jan bas, zai yi masa magana ya zo har ƙofar gida. Ya kuwa zo. Muka fita da sassafe, muka yini a layi, ba mu dawo ba sai bayan la'asar. An rubuta Baba cikin waɗanda za a yi wa aiki bayan damina. A mota yana ta zolayata, wai in ya ga fuskata ya tarar ba ni da kyau zai sake ni. Kwana biyun da suka biyo baya iskar bazara ta yi ta kaɗawa, ta share duk wani sawu da ke filin.

Ruwan farko da rana ya sauka. Ƙamshin ƙasa ya cika gidan, tsofaffi suka kasa zama, Iya har da guɗa. Da ya ɗauke, Baba ya fita ya tura hannu cikin ƙasa a bakin ƙofa, ya ce a dakata. Ta jiƙa, amma ba ta kai yadda yake so ba, kuma irin nan shi ke nan gare shi, ba zai yi caca da shi ba. A jira na biyu. A ranar ya sa na sauko masa da ƙullin, ya murje zangarniyoyin da tafin hannunsa, ya sheƙe, ya zuba a 'yar ƙwarya ya rufe da faifai. An jingine sungumi a bakin ƙofa, wato doguwar fartanyar da ake saran shuka da ita.

Bayan 'yan kwanaki, da safe ina tsaka da dama koko, Iya ta ƙwala mini kira daga baya. Na fito da ludayi a hannu. Filin ya yi kore-kore, ɗan siriri, daga wannan gefe har wancan. Na ce, “Iya, ciyawa ce, taki ne ya tashe ta.” Ta dube ni kamar ta mare ni. Ta ce, “Ke 'yar nan, a gidan uban wa kika taɓa ganin ciyawa ta fito a layi?”

Aka riƙo hannun Baba aka kawo shi. Ya durƙusa da ƙyar, ya lalubi tsiro ɗaya, ya ji su cunkus a rami guda. Ya miƙa hannu gaba, taku ɗaya, ya sami wani. Ya tona gindin da yatsa ya ɗago a tafinsa, ya ce wa Iya ta duba masa. Ta ce gero ne, kuma ga jan maganin nan na irin kanti a jikin ƙwayar. Sai ya mayar da shi ramin, ya rufe, ya danna da babban yatsa yadda ake yi.

Ya ce, “Binne aka yi.”

Binne shi ne a shuka iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwa, ya kwanta yana jira. Ba sai an gaya mini ranar da aka yi shi ba. Rana ɗaya ce tak gidan ya zama babu kowa, kuma na san wanda ya samo mana mota.

Ban ko cire zanin girki ba na nufi gidan Yaya. Na tarar da shi yana karyawa a zaure. Ko gaisuwa ban yi ba, abin da ban taɓa yi masa ba tun da aka haife ni.

“Yaya, kai ka shuka gonar tsofaffi?”

Bai ɗago ba. Ya ce, “Gonar tsofaffi ko gonata?”

“Kai ka ce su ci takinsu. Da bakinka.”

“Aro na ce, ban ce kyauta ba. Ke kin san yadda takin zamani ya koma bana? Kin san bakin da nake ciyarwa a gidan nan? Su ana dafa musu safe da yamma, ke ce ma mai dafawa. Motsa jiki likita ta ce su yi, sun kuma yi. In an yi girbi zan aika musu da dami, ba zan manta da su ba.”

Na san iyalinsa da yawa, na san taki ya yi tsada, ba baƙuwa ba ce ni. Da ya zo ya durƙusa gaban Baba ya ce ya matsu, na rantse da Allah tsohon nan da ya raba filin biyu ya ba shi rabi. Abin da ya ƙona ni shi ne goron, da durƙuson, da motar. Ya zauna yana kallon tsohuwa mai rawar hannu tana jigilar gwangwani, yana lissafin ranar da zai shuka. Kuma da bakina ya yi amfani, don ya san Baba ba shi ya yarda da shi ba, ni ya yarda da ni. Na faɗa masa duk wannan, da ma wanda ya fi shi zafi, har matarsa ta leƙo tana ba ni haƙuri. Shi kuwa cewa ya yi, “To wa ya ji lokacin da na faɗa?”

Da na koma, na tarar Iya ta ɗauki fartanya tana rantsuwa sai ta tuge shukar tas. Malam yana ta “a yi haƙuri, a kai wa mai unguwa.” Baba ne ya tsawatar, karo na farko da na ji ya ɗaga murya. Ya ce ba a tuge abinci in ya tsiro, ko na wane ne, geron bai yi wa kowa laifi ba. Mai unguwa kuma me zai ce, tunda babu shaida, in ban da a jira kaka? Ya dafa sandarsa ya miƙe, ya sa takalminsa a bakin ƙofa, ya shige. Bai ce mini ai na faɗa miki ba. Da ya faɗa da na fi samun sauƙi.

Ruwa na biyu ya zo kamar da bakin ƙwarya, irin wanda Baba yake jira. Babu wanda ya fita. Malam ya yi ta cewa zai nemi wani filin baɗi, har ya fara tambaya, amma a ƙasarmu wa ke da filin da zai bayar kusa da gari, kuma wa zai sake tara wancan takin? Ta saman katanga muna hango geron Yaya yana tashi baƙi ƙirin, bai taɓa samun irinsa a wurin ba. Masu wucewa har tsayawa suke yi suna sa albarka. Iya ta sa aka jingine tsohon ƙyaure a 'yar ƙofar, ta ce ba za ta iya gani ba. Tuwo ya koma dawowa da saura.

Wata safiya Baba ya aiko a kira ni. Yana zaune a bakin gado, 'yar ƙwaryar nan a kan cinyarsa. Ya ɗaga faifan, ya tura hannu cikin irin ya ɗebo ya saki, ya sake ɗebowa ya saki. Sannan ya miƙo mini.

“Amarya, ga cefane. Kin daɗe kina yi mini gori.”

Na ce, “Baba, iri ne fa. A ajiye, baɗi ma shekara ce.”

Ya ce, “Rabinsa ya riga ya kwana biyu a kan ƙusa, ba zai kai baɗi da rai ba. Ni ma ban sani ba. Kada ƙwari su riga mu. Ki wanke tokar sosai, ki yi mana kunu, kowa ya samu.”

Na roƙe shi, na yi kuka, na ce zan kai wa wani ya shuka a gefen gonarsa ko layi ɗaya ne. Ya girgiza kai ya ce ya gama ba da aro, ya kuma gama karɓa.

Na kai ƙwaryar gindin turmi na zauna ina kallonta har rana ta ɗaga. Sannan na wanke, na surfa, na daka. Bai fi cin tukunya ƙarama ba. Na zuba tsamiya, na raba a kofuna, ya zagaya kowa da ɗan kaɗan. Iya ta karɓi nata ta juya fuska bango tana sha. Baba ya riƙe nasa da hannu biyu, ya kurɓa a hankali, ya daɗe da shi a baki kafin ya haɗiye.

Ya ce, “Kin ji garɗinsa? Haka na babana yake.”

Da kaka Yaya ya cika alkawarin da ya ga dama, ya aiko da dami biyu a amalanke, wai sadaka ga gajiyayyu, a sa shi a addu'a. Malam ya karɓa ya yi godiya, don shi ba ya iya mayar da hannun kowa. Aka jingine su a bakin madafa, ni ce kuma mai sussuka. Baba yana zaune a tabarma ya ji ƙarar saukewa, ya tambaya ko mene ne, aka gaya masa. Na zaro zangarniya ɗaya, doguwa mai nauyi, na kai masa ko zai taɓa ya ji abin da takinsa ya yi. Ya mayar da hannayensa cikin riga.